Bindiga Mai Baki Ɗaya da Haramin Maigidana

Ni na zaɓi bindigar da aka taɓa ajiyewa a gidanmu, ko da yake da sunan maigidana aka yi mata lasisi. A lokacin muna zaune a unguwar Ƙurban a Madina, a wani gidan haya da katangarsa ta baya ke jingine da gonar dabino. Maigidana direban babbar bas ne tsakanin Madina da Makka. Idan baƙi suka yi yawa sai ya yi kwanaki ba mu gan shi ba. Yara kuma da safe suna makaranta. Gidan yakan rage daga ni sai mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, tsohuwa mai ciwon gwiwa da kaifin baki.

A shekarar nan aka fara hauro wa mutane katanga ta cikin gonar. Da farko tulun gas ake ɗauka, sai akuya. Daga baya wata maƙwabciyarmu ta shiga kicin da rana tsaka ta tarar da ƙato a tsaye yana kallonta. Ranar da labarin ya iso mana maigidana ya ce zai nemi bindiga.

Ni mutum ce mai wasu-wasi tun ina ƙarama. Karatuna bai wuce firamare ba, amma tambaya ba ta ƙare mini. Nakan sake alwala don ban tabbata ruwa ya taɓa diddigena ba. Nakan dawo daga bakin titi in duba ko na kashe gas. To da ya ce bindiga, sai na ce ba za ta shigo gidan da nake kwana ba sai na san yadda cikinta yake.

Yayana tsohon soja ne, yana zaune a unguwar Ƙiblatain. Shi ya tara mana bindigogi a kan darduma wata Juma'a bayan la'asar: ƙaramar bindigarsa ta hannu, da ta iska wadda ake ce wa saktun, da dogaye biyu na harbin tsuntsu da ake kira shozan, waɗanda wani abokinsa ke son rabuwa da su. Na durƙusa nesa da su ina leƙe.

Na ce, "Yaya, wacce ce a ciki ba ta kisa?"

Ya ce, "Tsintsiya. Tana bayan ƙofa, ɗauko."

Maigidana ya yi dariya har yana buga cinya. Ni ban yi ba. Na nuna ƙaramar na ce wannan ba na so, abin da zai shiga aljihu zai shiga hannun yaro. Na nuna saktun, Yaya ya ce ɓarawo zai ɗauka sauro ne ya cije shi, ya ƙaraso da fushi. Saura dogayen nan, ɗaya mai baki biyu, ɗaya mai baki ɗaya. Maigidana ya ɗauki mai baki biyun yana shafawa, don ta fi kyau.

Na ce, "Mai baki ɗayan nan, in an harba sai me?"

Yaya ya karya ta daga tsakiya ya nuna mini ramin. Ya ce, "Sai a buɗe, a cire kwanson, a sa wani."

Na ce, "To ita nake so. Kafin mutum ya buɗe ya sa na biyu hankalinsa ya dawo jikinsa."

Maigidana ya ce, "Ya bintan-nas, 'yar mutane, wa ya ce ke za ki harba?"

Na ce, "Wa ke gida?"

Na roƙi Yaya ya yanka mini harsashi ɗaya in ga cikinsa. Ya sa wuƙa ya ɓare, ya zazzage mini a tafin hannu. Ƙananan ƙwayoyin dalma ne kamar gero, masu sanyi da nauyi. Na daɗe ina juya su da yatsa, ina mamakin yadda abu kamar abincin tattabara zai tsayar da namiji.

Kafin a gama takardu na kira malamin masallacinmu a waya. Na ji tun ina yarinya cewa Madina harami ce, ba a ɗaukar makami don faɗa a cikinta, ba a kuma farautar tsuntsunta. Na ce ga shi za mu ajiye bindigar tsuntsu a garin da ba a harbin tsuntsu. Ya ce tsaron gida daban ne da neman faɗa, in kwantar da hankalina. Ban kwantar ba, don ranar da maigidana ya karɓo lasisi ya gaya mini abin da aka ja masa kunne a kai: bindigar tasa ce shi kaɗai, ko ɗansa bai halatta ya taɓa ta ba. Duk da haka shi da kansa ya kai ni bayan gari, can inda iyakar harami ta ƙare, ya kafa mini gwangwanin madara. Na harba sau ɗaya. Gwangwanin bai motsa ba, ni ce na koma baya na zauna a ƙasa.

Bindigar ta hau saman kabad, harsasai suka shiga gwangwanin shayi a wani ɗakin. Shekaru suka wuce. Duk sati nakan hau kujera in leƙa ko tana nan, ba tare da na taɓa ta ba.

Ranar da abin ya faru cikin Sha'aban ne. Maigidana ya fita da safe zai kai baƙi Makka, ya ce wannan karon shi ma zai yi umra, ya sa zanen haraminsa a jaka. A unguwarmu akwai al'ada: mai hawan dabino ba ya hawa sai ya ɗaga murya ya ce "Ya Sattar!" don matan da ke tsakar gidaje su rufe jikinsu. Na saba da kiran nan har ina gane muryoyin masu shi. Ranar nan da hantsi ina yanka albasa, ban ji kiran kowa ba, sai na ji tim a tsakar gida.

Na leƙa ta taga. Wani dogon mutum ne, ya naɗe fuska da rawani, da lauje a hannunsa. Na tura ƙofar kicin na sa sakata, na ƙwala ihu da Hausa da Larabci. Na ɗauka zai gudu. Ya juyo ya dubi tagar, sannan ya nufi ɗakin Inna, wanda ƙofarsa ke buɗe, tana zaune a kan tabarma da awarwaronta na zinariya a hannu.

Har yau ban san yadda na tuna gwangwanin shayi ba. Na bi ta ƙofar ciki, na hau kujera, na sauko da ita, na karya, na sa, na rufe. Da na fito yana bakin ƙofar Inna. Na ce ya tsaya, ya juyo ya tako wajena. Na saukar da bakin bindigar ƙasa, na auna simintin da ke gabansa, na rufe ido na ja kunama.

Tattabarun unguwa duka suka tashi. Da na buɗe ido yana zaune a ƙasa ya riƙe ƙwaurinsa, jini na fita ta ƙananan huda masu yawa. Ashe ƙwayoyin nan in sun daki siminti tashi suke yi. Daga cikin ɗaki Inna ta ce, "Ke 'yar nan, kin kashe mini kunne!"

Maƙwabta suka cika gidan. Wasu suka ɗauki mutumin zuwa asibiti, wani ya ja motarsa ya nufi Bi'ir Ali, miƙatin da masu tafiya Makka ke tsayawa su ɗaura harami. Ya samu maigidana ya riga ya yi wanka, ya ɗaura fararen zannuwansa biyu, ya yi niyya, yana Labbaika tare da baƙinsa. Maigidana ya bar wa wani direba motar ya biyo maƙwabcin. Haka ya shigo mana, kai ba hula, kafaɗa a waje. Ya tarar har lokacin ina riƙe da bindigar. Ya ɓanɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya ya karɓe ta.

Ya ce, "Ni na harba. Kin ji ko? Ni."

Da 'yan sanda suka zo haka ya gaya musu. Ya ce a gida ya ɗaura zanen kamar yadda mutanen Madina da yawa ke yi, yana shirin fita mutumin ya diro. Na ce a raina ƙaryar nan ba za ta kwana ba, wanda aka harba ai yana da baki. Sai ga Yaya ya dawo daga asibiti yana ƙunshe dariya. Ya ce an tambayi mutumin wa ya harbe shi, ya ce wani ƙaton namiji ne mai gemu. Ya gwammace haka da a ce mace ce.

Aka saki maigidana a hannun Yaya, da sharaɗin ba zai bar Madina ba sai magana ta je gaban alƙali. A can kuma, in ji Yaya, za a sa shi ya rantse a kan abin da ya faɗa. Wannan kalmar ita ta fi damuna. Zai ɗaga murya ya rantse da Allah a kan ƙarya, a garin Manzo, yana cikin harami, saboda ni.

Don haramin bai fita ba. Wanda ya yi niyya ba ya warwarewa sai ya je Makka ya yi ɗawafi da sa'ayi ya yi aski, shi kuwa an hana shi fita gari. Sai ya zauna mana a gida cikin tawul biyu. Na kwashe sabulai masu ƙamshi na ɓoye. Ya koma kwana a falo. In kansa ya yi ƙaiƙayi sai ya riƙa dannawa da tafin hannu a hankali kada gashi ya faɗi. In ya wanke zane ɗaya sai ya aro na maƙwabci. A masallaci mutane suka fara yi masa "Umra maƙbula!" kullum bayan sallah.

Inna ba ta kiran sunansa don ɗan fari ne. Takan ce, "Ke, kai wa alhajin tsakar gida shayi. Ya gaji, tun safe yake ɗawafi tsakanin falo da banɗaki."

Yakan ce, "Inna, don Allah."

"Don Allah me? Ni ina zaune na ga wanda ya yi harbi. Ba shi da gemu."

Wata rana bayan azahar yara ba su dawo ba, na zauna a bakin ƙofar falo. Na ce, "Alhaji, ina da tambaya."

Ya ce, "Yaushe ba ki da ita?"

Na ce, "Tunda ka ce musu ba ka kai Bi'ir Ali ba, me zai hana ka cire zanen nan ka sa rigarka? Sai maganarka ta fi kama da gaskiya."

Ya zabura kamar na watsa masa ruwan zafi. Ya ce, "A'uzu billahi! Na yi niyya fa. Da Allah na ƙulla."

Na ce, "Rantsuwar fa, da wa za ka yi ta?"

Ya dubi yatsun ƙafarsa. Can ya ce, "Ke da ba kya iya barci in ba ki duba gas ba, ke za a rufe a ɗaki da baƙin mata? Kwana ɗaya zai haukata ki. Kuma sunanki ya shiga bakin mutane. Ni zan ɗauka. In zunubi ne a wuyana yake."

Gaskiya ya faɗa game da ni. Ina tsoron ofishin 'yan sanda fiye da yadda na ji tsoron mai laujen. Ban taɓa shiga ba, ban san ko ana ba mutum ruwan alwala ba, ban san ko za a ce in buɗe fuska ba. Amma duk lokacin da na ga fararen zannuwan nan a kan igiya sai in tuna da rantsuwar.

Na sake kiran malam. Na ce wani mutum ne ya ɗaura harami aka tsare shi, yaya zai yi. Ya ce wanda aka tsare da gaske yana iya yanka dabba ya yi aski ya warware. Sannan ya ce, "Wa ya tsare shi?"

Na yi tunani na ce, "Bakinsa, Malam."

Ya ce, "To 'yata, wannan ba rago yake bukata ba."

Ni kaɗai ba zan iya zuwa wurin 'yan sanda ba, shi kuma ba zai kai ni ba. Inna ce ta warware. Ranar da aka kira shi ya je ya sa hannu kafin a tura magana kotu, ta sa abayarta tun da safe ta zauna a bakin ƙofa. Ta ce, "Ni ma shaida ce, a ɗakina aka nufa. Kuma ba na iya tafiya sai da mai riƙe ni." Ya dube ta, ya dube ni, bai iya ce wa uwarsa a'a ba.

Ofishin bai kai yadda na zata ban tsoro ba. Akwai fanka, da butar shayi, da wani tsiro a tukunya da ya kusa bushewa, har na ji ina son in ba shi ruwa. Hafsan da ke riƙe da maganar mutum ne mai furfura a gefen kai. Ya miƙe ya ba Inna kujerarsa mai laushi yana ce mata ya ummi, wato uwata. Ya tura wa maigidana takarda da biro. Na ga hannun maigidana ya miƙa.

Na ce da Larabci, "Allah ya ja kwananka, ina da tambaya."

Maigidana ya ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Ke!"

Hafsan ya ce, "Tambayi, 'yar'uwa."

Na ce, "Mutumin da bai kai miƙati ba, bai yi niyya ba, me zai sa ya zauna cikin harami har yau?"

Hafsan ya ajiye kofinsa. Ya dubi maigidana daga kai har takalmi, sai ya fara dariya a hankali. Ya ce, "Wallahi tun zuwansa na biyu nake tambayar kaina. Na ce bari in ga wanda zai fara gajiya, shi ko tawul ɗin."

Na ce, "Ba zai gaji ba. Ya yi niyya a Bi'ir Ali kafin a kira shi. Ni na harba."

Inna ta ce da Hausa, "Gaya masa har yanzu kunnena na hagu yana ƙara."

Hafsan ya daina dariya ya ɗauko sabuwar takarda. Ya tambaye ni inda na tsaya, da inda na auna, da ko na yi gargaɗi. Na gaya masa komai, har da albasar da nake yankawa da rufe idon da na yi. Ba wanda ya ce in buɗe fuska, wata ma'aikaciya ce ta duba ni a wani ɗaki. Ba a rufe ni ba, Yaya ya zo ya tsaya mini. Maigidana kuwa ya sha faɗa a tsaye kamar ɗan makaranta. Hafsan ya ce masa ya gode wa Allah magana ba ta kai ga rantsuwa ba. Maigidana ya sa hannu cewa ba zai ƙara ba.

Shari'ar ta ɗauki watanni. An karɓe bindigar, an soke lasisin, an ci maigidana tara don ya bar ta inda hannun wani zai kai. Ni kuma alƙali ya tambaye ni ko ina da hanyar gudu. Na ce ni ina da ita, Inna ce ba ta da. Ya ce wanda ya kare kansa da na gidansa daga mai hauro masa da makami, kuma bai wuce abin da zai tsayar da shi ba, babu komai a kansa. Mutumin yana gefe da sanda, kansa a ƙasa, don an karanta a gaban kowa cewa mace ce. Na nemi izini na tambaye shi ko an cire masa ƙwayoyin duka. Alƙali ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. Mutumin ya ce saura kaɗan, likita ya ce a bar su, in sanyi ya zo yana jin su. Har yanzu in sanyin Madina ya shigo nakan tuna da shi, in yi ta tunanin ko dalma tana tsatsa a jikin mutum. Na tambayi mutane da dama, kowa da abin da yake faɗa.

Amma shi maigidana bai jira duk wannan ba. Tun ranar da muka fito daga ofishin nan aka ɗage masa sharaɗin. Bai ko koma gida ba. Yaya ya sauke shi a Bi'ir Ali, ya shiga motar wani abokin aikinsa a matsayin fasinja. Da ya sauka daga motar Yaya sai ya leƙo ta taga ya ce, "Kin duba gas kafin mu fito?" Na ce na duba. Ya ce, "Na sani."

Washegari da yamma ya dawo cikin farar riga mai hannu, kansa ƙwal yana ƙyalli, yana ƙamshin turare tun daga bakin ƙofa. Ya tsallake wurin da simintin ya farfashe ya durƙusa gaban Inna. Ta shafa kan nasa da tafin hannu ta ce, "To, yanzu ka yi umra." Ni kuma na tashi na fito da sabulan da na ɓoye.